Shefdegar da Ci-Gona

A ƙauyenmu, gabas da Garhanga, idan an ce wuri ya yi kyau to hatsi ake nufi. Manomi zai tambayi ɗan'uwansa, gona ta yi kyau bana? Amsar tana cikin rumbu. Tanimu ne mutum na farko da na ji ya kalli jar ƙasa tsirara, wadda ko akuya ba ta tsayawa a kanta, ya ce tana da kyau. Tun ranar jinina bai sake haɗuwa da nasa ba, kuma ba na ɓoyewa.

Tare muka tashi da shi, gonarmu tana iyaka da ta mahaifinsa. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Indo ce ta goya shi, ta yaye shi da kunu. Indo tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a ka zamanin furoje, wato aikin gyaran ƙasa, lokacin da aka jera su a kan tuddai don a tare ruwa. Har yau akwai wurin da gashi bai sake fitowa ba a tsakiyar kanta. Shi kuwa Tanimu tun yana yaro hannunsa ba ya son ƙota. Da an fara noman farko sai ciwon ciki ya kama shi, ba ya warkewa sai an kira mutane cin tuwo.

Da ya kai saurayi ya bi 'yan cin rani zuwa Abijan, ya yi tallar tabarau da agogo a bakin titi. Sauran samari suna dawowa da abin rufin ɗaki ko kuɗin sayen bijimi. Shi da labari ya dawo. Wai ya shiga jirgin ƙasa sau ɗaya, ya zauna kusa da wasu masu hali, ya ga tun safe ba abin da suke yi sai leƙen taga suna nuna duwatsu da itatuwa. A nan, in ji shi, Allah ya buɗe masa ido: ashe akwai mutanen da za su biya don kawai su kalli daji.

Mu nan ko a mafarki ba mu da layin dogo, amma wannan bai hana shi ba. Ya samo amalanke uku ya ɗaure su a jere, ya shafa musu shuɗin fenti, ya yi musu rumfar tabarma, ya sa jakuna biyu a gaba. Ya sayi usur da wata hular kakin da ta yi masa yawa. Ya ce sunan abin tiran, wato jirgin ƙasa da Faransanci. Mutane suka laƙaba masa Shefdegar, wato shugaban tashar jirgin ƙasa, don ba'a, shi kuwa ya karɓe sunan hannu biyu.

Mun yi dariya, amma abin ya kama. Ranar Asabar ma'aikata da 'yan makaranta daga Tawa da Keita suna sauka a Garhanga, ya kwashe su a tiran, ya bi da su gindin tudu yana busa usur a kowace kwana. Inda jaki ba ya iya hawa sai su sauka, ya shige gaba da sanda, suna biye da shi da wayoyi a hannu. Yana nuna musu gawo da goruba kamar shi ya shuka su. In sun haɗu da makiyayi ya tsayar da shi a yi hoto, ko sallamar kirki babu. Baƙin ba miyagu ba ne, suna gaida mutane. Rashin sani ne kawai ke damunsu, kuma wanda ya kamata ya sanar da su shi ne Tanimu.

Ƙarshen yawon kullum wuri ɗaya ne: babban kwazazzabon da ruwan tudu ya haƙa a arewacin ƙauye. Bangonsa ja ne da ratsin fari, zurfinsa ya fi tsayin raƙumi. Mu Ci-Gona muke kiransa, don aikinsa ke nan. Tanimu ya sake masa suna da Faransanci, wai Belbi, wurin kallo mai kyau. A bakin wannan rami gonar mahaifinsu take, wadda Indo ke nomawa ita kaɗai tun da mijinta ya rasu. Kowace damina Ci-Gona yana yankar kunya biyu ko uku ya tafi da su. Daga wannan gona take ciyar da 'ya'yanta, daga ita kuma take ciyar da Shefdegar, domin bai taɓa ajiye mace ba. Kullum kafin magariba zai zo ya zauna a tabarmar ƙofar ɗakinta, ta ajiye masa akushi a rufe da faifai.

Bara da rani gari ya yanke shawarar yin gayya. Za a jera katangar dutse a kan kwazazzabon, inda ruwa ke faɗawa, don ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Kowa ya yarda sai mutum ɗaya. A gaban maigari Tanimu ya tashi, hula a hannu.

"Ranka shi daɗe, in anka tare ruwan ga, rairai za shi cike wurin. Baƙi daga nesa suka zakkuwa don shi. Wurin ga shi ne sunan garinmu."

Maigari ya dube shi ya ce, "Tanimu, sunan gari ba a zuba mai miya. Zamna."

Aka yi aikin. Na ga Indo, mace mai jikoki, ta sake naɗa gammo ta ɗora dutse a kan tsohon tabon nan. Tanimu bai ɗauki ko tsakuwa ba. Ranar ma baƙi gare shi, ya tsayar da su suka yi hoton matan da ke dako.

Katangar ta tsaya daram, sai dai ta tare ɗan gangaren da yake sauka da baƙinsa zuwa cikin ramin. Makonni kaɗan bayan an yi shuka, da rana tsaka, na hango shi daga gonata yana cire duwatsu ɗaya bayan ɗaya, daidai ta gefen Indo. Na yi masa magana, ya ce ƙofa ce kawai yake yi, faɗin mutum ɗaya, wata madam ta kusa karya ƙafa wajen tsallakawa. Na faɗa masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Indo ta ji hayaniya ta ƙaraso da hauyarta a kafaɗa.

"Tanimu, mi kaka yi?"

"Yaya, 'yar hanya ce. Kahin ruwa shi yi ƙarhi ni maida su da hannuna."

"Ruwa ba shi aiko da saƙo. Maida su yanzu."

"Asabar ɗaya dai, Yaya. Don Allah."

Ta tsaya tana kallonsa. Ni da na san ta, na ga lokacin da ta sake ganin jaririn nan da ta goya. Ta juya ta koma gonarta. Sau biyu ni da ita muna toshe ƙofar bayan haka, sau biyu yana buɗe ta, kullum da alkawarin Asabar ɗaya.

Ruwan ya zo a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Katangar ta riƙe ko'ina, sai wannan ƙofa. Duk ruwan tudun ya taru ya bi ta nan, ya haƙa sabon reshe ta tsakiyar gonar Indo. Da gari ya waye fiye da rabin gonar babu. Abin da ya rage a bakin ramin yana rataye, saiwoyi a waje. Na tsaya kusa da Indo muna kallon ramin. Raina ya ɓaci.

Na ɗauka kunya za ta hana shi fitowa. Ina! Asabar na zagayowa muka ji usur. Ya zo da mutum bakwai ko takwas, ya tsayar da su a bakin sabon ramin, inda ƙasa take ja jawur don ba ta ga rana ba tukuna. Da kunnena na ji yana ce musu sun yi sa'a, bana Belbi ya ƙara girma. Indo tana can gefe tana tattara karan da ruwa ya kwantar. Wata budurwa a cikin baƙin, mai ladabi kuwa, ta matsa ta rusuna ta gaishe ta.

"Inna, sannu da aiki. Kun dace, wurin nan naku yana da kyau sosai."

Indo ta miƙe ta dubi yarinyar, ta dubi ƙaninta. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar usur.

"Haka shi ka cewa, ɗiyata," in ji ta, ta koma ga karanta.

Da yamma na je gidanta kai mata aron igiya. Ina nan tsaye sai ga Shefdegar ya shigo kamar kullum, ya cire hula ya zauna a tabarma. Na ce a raina yau za a yi ta. Amma Indo ta shiga ɗaki ta fito da akushinsa a rufe da faifai, ta ajiye masa a gaba, har da ruwan wanke hannu. Ya wanke, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifan.

Jar ƙasa ce cike da akushin, an mulmula ta kamar tuwo, da ratsin fari a jikinta.

"Yaya, mi ne wannan?"

"Abin da gonar Baba ta bayar bana," in ji Indo. "Ci. Yana da kyau."