Aku a Kwanon Kyanwa

Abin da dattijon ya fito da shi daga garinsu bai cika yatsun hannu ɗaya ba: rigar jikinsa, buta, carbi, sai aku guda da ya cusa cikin rigar ya dafe har ya iso Gombe. Gidansa ya ƙone, rumfar kifinsa ta ƙone, 'ya'yansa sun watse ba labari. Matarsa a hanya ya binne ta. Cikin kayan nan akun ne kaɗai ba a samun irinsa a kasuwa, domin muryar matar tana bakinsa.

Ni abincin dabbobi nake sayarwa a Tudun Wada. Da dusa na fara, a bakin titi, da kwanon awo ɗaya. A shekarun da mutanen Borno suka yi ta kwararowa garin nan na riga na yi shago: abincin kaji, na kifi, harawa, sai wani lungu da nake jera abincin karnuka da na kyanwoyi, wanda ake ɗauko mini daga Kano. Masu sayen wannan ba su da yawa, amma ba sa neman ragi. Babbansu wani Alhaji ne a unguwar Barunde, Bafulatani, tsohon darakta da ya yi ritaya. Hajiyarsa na kiwon kyanwoyin nan masu dogon gashi da ba su san ɓera ba. A gidan dattijon ya samu aikin gadi.

Duk ranar da direban gidan ya zo ɗaukar kaya, dattijon kan biyo shi ya sayi 'yar gyaɗa da masara, wani lokaci da dabino. Na tambaye shi ko kaza yake kiwo, ya ce in na zo Barunde zan gani.

Ran da na kai kaya da kaina na gani. Kejin na waya ne, rataye a ɗakin gadi. Tsuntsun toka-toka, da jan wutsiya, yana kallona da ido ɗaya. Rana na tsaka sai na ji mace ta yi kira da Barbarci, ta ɗan yi tari a ƙarshe. Har na waiga ina neman ta.

“Me ta ce, Baba?”

“Cewa ta yi in zo in ci tun da zafinsa. Tarin ma nata ne, hayaƙin murhu.”

Ya juya ya amsa wa tsuntsun da yarensu, a hankali, kamar mai cewa ga ni nan zuwa. Ya ce kullum warhaka sai ta kira shi.

Muna nan tsaye Alhaji ya fito duba kayansa, akun kuwa ya sake kiran. Alhaji ya leƙa ɗakin ya yi dariya.

“Kai, Babarbare, ashe mata ka ɓoye mini a ƙofar gida? Kai, tsuntsun nan ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau.”

Kowa ya san abin da ake cewa idan babba ya yaba kayanka. Dattijon ya rusuna ya ce, “Ai naka ne, ranka ya daɗe.” Kowa kuma ya san amsar: Allah ya yi albarka, ka riƙe mini. Magana ce ta baki, ladabi ne kawai, ba a ɗaga komai daga inda yake.

Alhaji ya ce, “To madalla. Da ma ku Barebari bayinmu ne, da kai da tsuntsun duk nawa ne.” Ya kira direba ya ce a shiga da kejin ciki.

Wasan Fulani da Barebari tsohon abu ne, ana zagin juna a yi dariya a rabu. Amma wasan na masu iya ramawa ne. Mutumin da ke kwana a ɗakinka, yake cin tuwon gidanka, ba shi da bakin ramawa. Dattijon ya yi dariya shi ma, haƙoransa a waje, idonsa na bin kejin har aka rufe ƙofar falo.

Bayan wani lokaci ya zo shago shi kaɗai, a ƙafa. Bai sayi gyaɗa ba. Ya tafi lungun nan ya tsaya gaban buhunan abincin kyanwa, masu hoton mage tana lashe baki.

“Ɗana, wannan, aku zai iya ci?”

“Zai ci, Baba. Aku ba ya ƙin abu mai maiƙo. Ka tambaye ni ko zai zauna lafiya da shi.”

Ya ce mai aikin gidan ce ta gaya masa. Hajiya ta ce ba za a riƙa watsa mata ɓawon gyaɗa a falo ba, daga kwanon kyanwoyi ake ɗiba wa akun safe da yamma.

Ni ba likita ba ne, amma na daɗe ina kallon abin da kowace dabba ke ci da abin da ke biyo baya. Abincin kyanwa nama ne da kifi da kitse da gishiri, an yi shi don cikin mai farauta. Aku ɗan itatuwa ne, ƙwaya da 'ya'yan itace da ganye ya sani. In ya tsinci ɗaya ko biyu ba abin da zai same shi. In ya zama shi ne tuwonsa, sai ya kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kashinsa ya tsinke, ƙafafu su kumbura. Na faɗa masa haka ban rage ba.

“Ka gaya wa Alhaji. Kai zai ji naka.”

Na gaya masa. Na same shi a falo, sanyin na'ura na kaɗawa, kejin a gefen talabijin. Jikokinsa na tsokanar tsuntsun da tsinke suna koya masa waƙar talla. Akun ya yi ƙiba, ƙirjinsa ya fara zama fili inda yake tsige gashinsa. Na ce, ranka ya daɗe, abincin nan ni nake sayar maka, kuma ina so ka ci gaba da saye, amma ba na aku ba ne, zai kashe shi.

“Mai dusa, yaushe ka zama dokta? Abin da ake kawowa daga ƙasar waje? Ko 'ya'yanka ba su cin mai tsadarsa. Babarbaren ne ya aiko ka, ko?”

Ana cikin haka akun ya yi kiran nan nasa. Hajiya ta taso daga kujera ta yafa wa kejin zane.

“Kullum sai ya yi mana yaren nan. A wannan zamani baƙo ya shigo ya ji, ya ce su wa muke ajiyewa a gida?”

Ashe haka ake yi masa. In ya yi Barbarci a rufe shi cikin duhu, in ya yi waƙar talla a ba shi ƙwayar kyanwa a tafa masa. Da na fito, na tarar da dattijon ya matso da bencinsa kusa da tagar falo, cikin rana, ya baro inuwar ɗakinsa.

“Ta yi kira yanzu, ko? Kamar na ji.”

Na ce ta yi.

Na sake yi wa Alhaji maganar sau ɗaya, har na haɗa ƙullin gyaɗa da masara kyauta na sa a mota. Direban ya ce mini kajin bayan gida aka watsa wa. Watan da ya biyo ba a zo ɗaukar kaya ba, na gane an ji haushi. Ban je na ba da haƙuri ba. Na san duk Gombe ba mai irin kayan sai ni, kuma kyanwoyin Hajiya ba sa cin tuwo. Suka dawo da kansu.

Bayan damina aka mayar wa dattijon akunsa. Direban ya ba ni labari yana dariya: Alhaji ya ce, “Babarbare, zo ka ɗauki matarka, ta fara wari.” Da yamma sai ga dattijon a shago da kejin a rungume. Tsuntsun na kwance a ƙasan keji, yatsunsa sun kumbura sun yi farin ƙulli, ba ya iya kama sanda. Na aika shi wurin wani likitan dabbobi da nake hulɗa da shi. Likitan ya duba ya ce ƙoda ta riga ta tafi, a ba shi ruwa da gwanda, a bar wa Allah.

Akun ya ɗan ƙara kwanaki a ɗakin gadi. Na je sau ɗaya, da tsakar rana. Dattijon na zaune gaban keji, ya tauna gyaɗa yana miƙa masa a yatsa, yana yi masa kiran da kansa, da muryar tsoho, ko zai tuna. Akun ya buɗe ido. Ya yi kukan kyanwa. Can kuma ya ɗaga kai, da muryar Hajiya sak, ya ce, “Maigadi! Kai maigadi! Kurma ne kai? Buɗe ƙofa!”

Dattijon ya miƙe tsaye kafin ya gane. Ya kai hannu ga sakata, sannan ya dawo ya zauna. Bai dube ni ba, ni ma na dubi wani wuri.

Da akun ya mutu ya binne shi a bayan ɗakin, ya ci gaba da gadinsa, don ba shi da inda za shi. Ba a jima ba Alhaji ya kira ni ya ce jikoki sun saba, in samo masa wani, ƙarami, wanda bai koyi yaren kowa ba. Na samo. Na kuma haɗa gyaɗa da masara da dawa da busasshen dabino, na zuba a leda mai ƙyalli, na ce abincin aku ne na musamman, na tsuga masa kuɗi. Ya saya da murna, har yana nuna wa baƙi. Wannan akun yana nan da ransa, yana waƙar talla.

In an tashi lissafi, Alhaji bai rasa komai ba, tsuntsu ya tafi tsuntsu ya zo. Ni na ƙaru da ciniki biyu, na akun da na ledar, ledar kuwa har daga gidajen unguwar Shamaki ake aikowa a saya. Dattijon ya shigo Gombe da abu huɗu. Da na gan shi na ƙarshe yana da rigar, da butar, da carbin.