Ludayi Ɗaya a Rumfar Hatsi

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a Unguwar Rogo ya sani. Shi ya sa da likita ya ce wa yayana taba za ta cinye masa huhu tun kafin ƙanjamau ta kayar da shi, na ce wannan aikin nawa ne. Zamanin mulkin soja ne, babu wani maganin kirki, sai addu'a da kiyayewa. Na kakkarya masa sigari, na ɓoye ashana, na yi faɗa har muryata ta dushe. Sai ya bari na gama, ya kunna wata.

A rumfarmu ta hatsi, bayan azahar akan dama fura a babbar ƙwarya, maƙwabta su kewaye, ludayi ɗaya yana yawo daga hannu zuwa hannu. Tun da maganar ciwonsa ta fita kowa ya zama mai uzuri. Wannan azumi yake yi, wancan cikinsa ya ɓaci. Har aka samo masa kofin roba nasa shi kaɗai.

Wata rana wani direban babbar mota ya tsaya ya ce, "Alhaji, a ba ni wuta." Yaya ya miƙa masa tabar da yake sha ya kunna tasa, suka ɗan taɓa hira. Na ga fuskar Yaya ta washe.

Da mutumin ya tafi na ce, "Yaya, mi kaka ji cikin abin ga?"

Ya ce, "Kai dai bari. In na bar ta, wa za shi ƙara matsowa kusa gare ni?"

Maganar ta ƙona min rai ƙwarai. Dama na tambayi likita, ya tabbatar min ba a ɗaukar cutar ta ludayi. Washegari na wurga kofin nan cikin kwata. Na dama fura na ba Yaya ya sha, na karɓi ludayin na sha a gaban kowa, har da lashe baki.

Na ce, "Mai azumi shi ci gaba da azuminai."

Wani tsoho mai awon gero ne ya fara miƙo hannu. Wasu suka biyo baya a hankali, wasu ba su sake zuwa ba, ni ma ban neme su ba.

Barin tabar bai zo masa da sauƙi ba. Ya ci goro har haƙoransa suka rine, ya koma mata, ya sake bari. Amma a ƙarshe ya rabu da ita, tarin da take sa shi ma ya lafa.

Ina zaune ranar da direban nan ya dawo neman wuta. Yaya ya matsa masa a tabarma ya ce, "Ba ni da wuta. Zamna ka sha hura."