Jan Zanen Lajos Bodnar

A gabashin kogi, a birnin Toledo, babu gidan 'yan Hangari da ake cin tsiran alade ran Lahadi ba tare da barkonon Bodnar a kan tebur ba. Mahaifin Lajos ne ya fara jiƙa shi a ruwan tsami, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Lajos ya gaji tulunan, ya gaji kuma takardar da ake mannawa a jikin kwalba: fara fat, rubutu ja, hoton barkono ja. Mutum ne gajere mai kaurin wuya, ba ya fashin majami'a, hannuwansa kuwa kullum suna ƙanshin tafarnuwa. A wancan zamani mai kanti ya san sunan wanda ya kawo masa kaya.

Rabin abin da yake yi a shekara, wani babban kanti mai rassa ne ke ɗauka. Da daminar 1977 manajan kantin, Mista Wendell, ya kira shi ya nuna masa sabuwar na'ura a teburin biya. Akan gifta kaya ta saman gilashi, wani jan haske ya lashi 'yan layukan da ke jikinsu, sai farashi ya fito. Ma'aikata na kiran layukan zanen jakin dawa.

"Lu, ba ni na kawo ta ba," in ji manajan, wanda haka yake taƙaita sunan Lajos. "Amma kwalbar da ba ta da zane, daga kaka ba ta da wuri a kan kantar nan."

Lajos ya nemo lambar zanensa daga ofishin da ke rabawa, ya kai wa Tibor, yayan matarsa, wanda ke buga masa takardu a wani tsohon inji bayan shagon aski.

"Da baƙi za a yi?" Lajos ya tambaya.

"Haba suruki! In na saka baƙi sai takarda ta shiga inji sau biyu. Layi ai layi ne. Na'urar nan surukarka ce da za ta tsaya zaɓen launi?"

Suka yi dariya, aka buga da ja. Ya yi kyau ƙwarai, ya dace da barkonon. Da kaka ta yi, Ilonka matarsa da matan majami'a suka manne takardun a kan kwalaben girbin shekara gaba ɗaya.

Ranar da ya kai kayan farko, mai karɓar kuɗi ta gifta kwalba a gilashi. Shiru. Ta juya ta, ta goge ta da gefen riga, ta sake. Shiru. Aka kira mai gyaran na'ura, ya ɗaga kwalbar ya duba sau ɗaya.

"Baba, haskenta ja ne. In ya sauka a kan ja, fari take gani. A wurinta babu komai a takardar nan."

"Ga shi ina gani da idona!"

"To ai ba idonka za mu dasa a teburin ba."

Mista Wendell ya ba shi mako biyu. Lajos ya koma gida ya ɗauki rula da alƙalami, ya shiga bin layukan da baƙar tawada ɗaya bayan ɗaya. Tawada ta malala, sirara suka haɗe da masu kauri. Suka gwada jiƙa kwalabe a ruwan zafi don ɓare takardun, sai murafe suka fara saki, barkono ya soma kumfa.

"Lajos, bari haka nan," in ji Ilonka. "Za ka kashe abin da ya rage."

Tibor, wanda kunya ta hana shi cin abinci a gidan, ya buga ƙananan takardu da baƙi don a liƙa a kan jan. Amma injinsa ya tsufa, yana danna tawada fiye da kima, layukan suka kumbura. Cikin kwalba goma sha biyu, biyu kaɗai na'ura ta amsa. Lajos ya tuƙa akori-kurarsa har Cleveland wurin babbar maɗaba'a. Ya cire hula a gaban akawu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba sai a majami'a. Aka ce masa masu gwangwani da masu sabulu duk suna kan layi, sai bayan Kirsimeti.

Ya dawo ya tsaya a ƙofar ofishin manaja.

"Mista Wendell, a bar yarinyar ta riƙa buga farashin da hannu. Ni zan tsaya kusa da ita in riƙa faɗa mata. Kyauta."

Manajan ya kasa haɗa ido da shi. "An riga an ba wa wata masana'anta kantarka, Lu. Daga sama aka yanke."

Lokacin sanyin nan ya sayar da abin da ya iya a ƙofar majami'a, sauran ya rabar. Da bazara ya sayar da tulunan mahaifinsa ga wata mata da ke son shuka furanni a ciki, ya je ya nemi aiki a masana'antar da ta karɓi kantarsa. Suka sa shi a sashen wankin kwalabe. A nan ya yi shekara goma sha ɗaya, har ƙafafunsa suka gaza ɗaukarsa.