Igiyar da Ta Yanke Robar Ƙofa

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Lawan ya shigo garejinmu na Gumel da farar babbar riga, kafaɗarsa ta dama ta yi jawur da ruwan tsatsa ba. Asabar ce, cikin Agusta, damina ta zauna sosai. Sunana Haladu, aikin bodi nake yi, wato gyaran jikin mota: ƙofa, rufi, gilashi, duk abin da ba inji ba. Ban yi boko mai nisa ba. Ina ba da labarin nan ne saboda ku da kuka shigo sana'ar bayanmu.

Alhaji Lawan ɗan kasuwar riɗi da hatsi ne. Motocinsa na zirga-zirga tsakanin Gagarawa, Gumel da Maigatari, kuma tun ina saurayi ni ake kawo wa aikin bodinsu. In gaya muku gaskiya, tukunyar gidana a kan aikinsa take tafasa. Cikin motocin akwai wata tsohuwar a-kori-kura da ya fara arziki da ita, shi ya sa ya ƙi rabuwa da ita. Direbanta Ɗan'asabe ne, ɗan unguwarmu, masallaci ɗaya muke sallah.

Farkon daminar Ɗan'asabe ya kawo ta, ya ce ruwa na shiga ta saman ƙofofin biyu, har cikin motar ya fara wari. Ga wanda bai san aikin ba, kowace ƙofar mota tana da baƙar roba da ta kewaye bakinta. Ita ke tare ruwa. In ta tsufa sai ta bushe, ta tsattsage. Yadda muke yi, a ɓare tsohuwar, a kankare busasshen gam da tsatsa, a shafa fenti, a bari ya bushe, sannan a ɗora sabuwa. Sai a goga alli a jikin robar, a rufe ƙofa, a buɗe. Duk inda allin bai fito a jikin bodi ba, to nan ƙofar ba ta kama ba, sai a gyara zamanta. Daga ƙarshe mutum ya zauna ciki, a kwarara ruwa da bokiti ta sama.

Da na ɓare tsohuwar robar sai na ga ba tsufa kaɗai ke damunta ba. A saman kowace ƙofa, wuri guda daidai da juna, robar ta yanke, fenti ya goge, bakin ƙofar ya ɗan karkato waje. Na san wannan ciwon. Aikin igiya ne. Direbobinmu in za su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, bayan motar ya cika da kayan mai gida, sai su ɗora nasu lodin a kan rufin gaba: tabarmi, jarkoki, buhun wani fasinja. Rufin ba shi da inda za a ɗaure, sai su buɗe ƙofofin biyu, su zura igiya ta cikin motar bisa kansu, su tamke, su buga ƙofa a kanta. Igiyar ta yi ta cin roba duk tsawon hanya.

Na nuna wa Ɗan'asabe. Ya waiga hagu da dama, ya kama hannuna, ya ce don girman Allah kada maganar ta kai kunnen Alhaji. Alhaji ya hana lodin rufi da babbar murya, ya taɓa korar direba a kai. Ɗan'asabe ya ce ga iyali, ga tsohuwarsa kwance, abin da ake ba shi ba ya kai shi ko'ina. Ni ma ban yi niyyar faɗa ba. A gareji akwai doka da kowa ya gada daga ubangidansa: mai gyara ba ya kai ƙarar direba wurin mai mota. Direba ke kawo mota, shi ke cewa a kai wa wane. Na ce ya daina kawai, don sabuwar roba ma ba za ta iya da igiya ba. Ya rantse ya daina.

Na yi aikin yadda ya kamata. Na miƙe bakin ƙofofin, na sa roba, alli ya fito ko'ina. Ɗan'asabe da kansa ya zauna ciki muka kwarara ruwa, ya fito a bushe yana dariya.

Bayan 'yan makonni, motar hawan Alhaji ta lalace, ga ɗaurin auren ɗan ƙaninsa a Sule Tankarkar, kuma shi ne wakilin ango. Sai ya shiga gaban a-kori-kurar, Ɗan'asabe na tuƙi. Ruwa ya tare su a hanya, ya yi ta zuba masa a kafaɗa ta saman ƙofa. Haka ya zauna gaban jama'a ya karɓi aure da wannan rigar. Daga can bai biya gida ba, sai wurina.

Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya tsaya tsakiyar gareji, makanikai da masu walda duk sun ajiye aiki.

"Haladu, dubi rigar nan. Wannan shi ne aikin da ka ce ka yi?"

Na buɗe ƙofar na duba. Sabuwar robar ta yanke a wurin nan dai, har da zaren shuɗiyar igiya maƙale a ciki. Na ɗora babban yatsana a kai na rufe shi. Na ɗaga kai na dubi Ɗan'asabe. Abin da nake jira ɗan kaɗan ne: ya ce Alhaji a yi haƙuri, akwai nawa laifin. Ko ma ya yi shiru, mu raba kunyar tare.

Sai ya ce, "Wallahi Alhaji, tun ranar robar ba ta kwanta min a rai ba. Nauyinsa na ji, shi ya sa ban yi magana ba."

Alhaji ya juyo gare ni. "Kana da abin cewa?"

Malam Iro, shugaban garejinmu, yana tsaye bayana. Ya ga zaren, ya san komai. Ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya ce, "Alhaji a yi masa afuwa, aikin hannu ne, wata rana a dace wata rana a kuskure." Ni kuwa na ce ba ni da abin cewa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce da ya ɗauka tsufa hankali yake ƙara wa mai sana'a. Ya shiga mota, Ɗan'asabe ya ja suka tafi.

Daga ranar motar Alhaji ko ɗaya ba ta sake shigowa rumfata ba. Garin nan kuwa ƙarami ne. Kafin damina ta ɗauke, har a tashar Gagarawa ana cewa Haladu jabun roba yake sa wa mutane. Malam Iro ya ce na yi halin manya, na riƙe mutuncin gareji. Na ce na gode. Bai taɓa turo min ko gyaran madubi ba.

Ɗan'asabe kuwa ya same ni bayan la'asar a ƙofar masallaci, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce Allah Ya rufa min asiri yadda na rufa masa. Na ce amin, na zare hannuna. Har yau shi ke jan motar.

To ga abin da na koya. Dokar nan tamu ta rufa wa direba asiri, gefe ɗaya take rufewa. Ranar da ruwa ya zuba a kan mai mota dole a nemo wanda za a ɗora wa, kuma wanda ya riƙe guduma shi ya fi kusa. Ban ce ku zama masu kai gulma ba, ni ma har gobe ba na kai ƙarar kowa. Amma yanzu duk wanda ya kawo min ƙofa mai yoyo, ba na ɓare robar sai mai motar yana tsaye a wurin. Ba na cewa komai, yana da ido. Direbobi sun rage zuwa wurina, kuma na san dalili.