Garin da ke ƙarƙashin gonar albasa

Ɗiyata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Da anka yaye ta, mahaifiyata Inna ta ɗauke ta zuwa Sarandosa, can ƙasar Maiyama, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Sai bayan rasuwar Inna, a shekarun da anka yanke muna jiha daga Sakkwato, sannan ta dawo gidanmu Aliero, ta yi girman ɗaukar tulu. Adda take kirana, kamar wata yayarta. Ni kuwa kunyar fari ta hana ni faɗin sunanta. In zan aike ta sai in dubi bango in ce wani shi miƙo mini ludayi. Haka na ga manya na yi, ban san wata hanya ba.

Yarinyar ba ta magana, ba ta wasa da yaran shiyya. Ƙanwar maigida, wadda ke aure Jega, ta ga haka ta ce in an cire albasa za ta ɗauke ta riƙo, ko ta saki jiki. Maigida ya amince. Ban hana ba, don uwa ba ta nuna son ɗan fari gaban dangi, amma tuwo ya daina shigar mini.

Lokacin rani ne, maza na gina rijiyoyin ban-ruwa a fadama, ɗiyata ke kai abinci gona. Cikin ƙasar da ake fiddowa daga rami ta fara tsintar duwatsu. Wasu garau suke kamar gilashi, falle-falle, farce ma yana iya karce su. Wasu baƙaƙe ne mulmulallu. Akwai masu kama da ƙoƙon kodi. Tana wanke su, ta jera bayan rumbu, ta zauna da ƙanwarta wadda ko magana ba ta gama iyawa ba.

Nan na fara jin muryarta sosai. Ina tsinkar zogale kusa da rumbun, ina yi kamar ba na saurare. Tana gaya wa ƙaramar wai akwai gari ƙarƙashin gonar Baba, ruwa ya haɗiye shi tun kafin a haifi kakan kowa. Masu hasken nan madubin matan garin ne. Baƙaƙen, dawon furarsu ne da ya daskare. Masu ƙoƙo kuwa cokulan yara ne. Ta ce in ka leƙa rijiya ka ga ruwa na rawa, matansu ne ke daka can ƙasa. Har sarkin ruwa ta yi musu, da mahauci mai rowa wanda ya nutse riƙe da wuƙarsa don ya ƙi sakin tsoka.

Na roƙi maigida in ya ga irin duwatsun nan ya jefo cikin kwanon abinci kafin a rufe. Ya yi mini dariya, ya ce ashe yaran gidansa sun ƙaru, amma ya riƙa yi. In na zo wanke kwano sai in ɗauke dutsen in aje bakin rumbu in wuce. Da safe sai in ji an ba shi mai shi: wannan na ungozomar garin ne, wancan murfin tandun kwallin amarya. Ba ta taɓa tambayar daga ina suke fitowa ba. Sai dai ta fara ɗaga murya in ta ga ina kusa.

Wata rana ƙaramar ta nuna wani dutse dogo mai tsini. Ɗiyata ta ce madogarar ƙofa ce. Sannan ta ƙara, ba ta dubi inda nike ba, wai can garin ba a ba da yara, kowace yarinya ɗakin da anka haife ta take kwana har ta girma. Na daɗe da zogalen a hannuna ban tsinki ko ganye ba.

Da anka cire albasa anka shanya, ƙanwar maigida ta iso da ƙunshin ƙosai da sabon kallabi. Akwai wasa tsakanina da ita, tun daga zaure take kirana, wai matarmu ta fito da kayan ɗiyarta. Yarinyar ta shiga ɗaki ta ɗauro tufafinta, ta koma bayan rumbu tana zuba duwatsun cikin gwangwani. Goggon tata ta ce a zubar da tsakuwar nan, Jega ma akwai ƙasa.

Na ji bakina ya buɗe, gaban maigida, gaban kowa.

"A bar mini ita. Ina son ta nan."

Sai ƙanwar maigida ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah, matarmu ta sai da kunya ta sayi albasa. Yaya, ka ji abin da kake aje da shi cikin gida?"

Maigida ya sosa ƙeya, ya ce ai ita ta haife ta, mi zai ce. Ƙanwar tasa ta ci gaba da yi mini tsiya har la'asar, ta ce duk bikin da munka haɗu sai ta ba da labarina, kuma ta cika alkawari. Kallabin dai ta bar wa yarinyar.

Bayan ta tafi, ɗiyata ta kwance ƙunshin tufafin, ta juye gwangwanin bisa tabarmar da nike zaune. Ta zaɓi wani ɗan fari mai tsaga a tsakiya ta miƙo mini.

"Adda, wanga na rasa mai shi. Na wa ne kike gani?"

Na juya shi a tafin hannuna. Na ce ina jin na mai sai da gishiri ne, wadda ke zama bakin kasuwarsu. Ta yi ɗan tunani, ta ce a'a, mai gishiri ai ita ta fara narkewa, in sake dubawa. Na matsa mata wuri ta zauna, munka ci gaba da nema.