Ƙonau, Mai Ƙone Waken Gwaji

A cibiyar binciken iri ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Ƙonau ake ce masa, tun daga mai gadi har Dakta, matar da ke shugabantar aikin wake. Aikinsa ne ya ja masa sunan: shi ke noma gonar gwaji, shi ne kuma ke ƙone abin da ta ba da.

Ɗan manomi ne. Da mahaifinsu ya rasu, ya bar wa ƙanensa gonar gado, ya shigo gari, ya samu aikin lebura a cibiyar. Ranar da ya fara, Dakta ta kai shi wani fili da aka zagaye da waya riɓi biyu, ta yi masa bayani. Wannan waken, in ji ta, a ɗakin gwaji aka ciro wata ƙwayar gado daga wata ƙaramar halitta ta cikin ƙasa, aka dasa masa, don tsutsar da ke huda kwanso in ta ci ta mutu. Sai dai hukuma ba ta ba da izinin fitar da shi ba tukuna. Kafin a gama bincike, ko ƙwaya ɗaya ba za ta ƙetare wayar nan ba.

"To in ya nuna fa, ranki ya daɗe?"

"A auna, a ɗebi na gwaji, sauran a ƙone."

Ya yi dariya, a zatonsa zolaya ce.

Ashe da gaske take. Kullum in zai fita sai ya cire takalmin roba, ya zazzage aljihu, ya warware naɗin ƙafar wando a gaban mai gadi. In kaka ta yi, ya haƙa rami, ya juye waken da ya yi wa noma da hannunsa, farare tas, ba huda ko ɗaya, ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana. Ƙamshin gasasshen wake ya bi shi har gida. Matarsa takan ce, "Maigida, kai kaɗai na sani manomin da ke girbi da ashana." Da farko yana taya ta dariya. Daga baya ya daina.

A can gida kuwa tsutsa ta sa ƙanen nasa a gaba. Ya yi feshi har ƙirjinsa ya kama tari, amma in ya ɓare kwanso sai kashin tsutsa. Wata shekara ya zo gari ganin likita, ya biyo ta wurin aikin wansa. Ya tsaya a bayan waya yana kallon kwansuna jere sun yi nauyi har suna taɓa ƙasa. Sai ya yafito wansa kusa da wayar.

"Yaya, cikin tafin hannu kawai. Wa zai sani?"

"In aka gan shi a gonarka, rufe aikin za a yi gaba ɗaya. Wahalar kowa ta tashi a banza ke nan. Ka yi haƙuri, baɗi zai fito."

"Bara ma haka ka ce."

"Amana aka ba ni."

"Ni kuma fa, wa ya ba ka ni?"

Ƙonau ya juya ya koma bakin aikinsa. Satin nan ya ƙone waken kamar yadda ya saba.

Baɗi ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Yau a ce takarda na gaban kwamiti, gobe a ce an canza kwamitin, jibi a ce sai an sake gwajin damina guda. Ita kanta Dakta furfura ta cika mata kai a wajen jira. Ƙanen bai iya jira ba. Ya sayar da gonar ga wani mai shagon taya, ya kwaso iyali zuwa ɗakin haya a bayan kasuwa, ya koma tura baro yana tari. Tsakaninsa da wansa sai gaisuwa, ita ma a tsaye.

Lokacin da izini ya fito, Ƙonau ya riga ya yi ritaya, gwiwoyi sun ƙi. Dakta ba ta manta da shi ba. Da kanta ta zo har ƙofar gida da ƙaramin buhun irin, ta ce, "Baba, guminka ne." Ya yi godiya sosai. Ko zama bai yi ba ya saɓa buhun ya nufi bayan kasuwa.

Ya tarar da ƙanen a bakin ƙofa yana ɗaure tayar baro da waya. Ya ajiye buhun a gabansa.

"Ga shi ya fito."

Ƙanen ya dubi buhun, ya dubi ɗan tsakar gidan da aka shafe da siminti.

"A ina zan shuka, Yaya? A kan kwanon ɗaki?"

Matar ƙanen ta kwance bakin buhun, ko za a samu na tukunya. Irin ya sha jan maganin ƙwari, ba ya ciwuwa. Ta mayar ta ɗaure.

"Kai wa mai taya," in ji ƙanen. "Shi ke da gona." Ya ci gaba da ɗaurinsa.

Gatse ya yi masa, amma Ƙonau ya kai ɗin, don bai iya ganin iri ya lalace a ɗaki ba. Mai taya ya karɓa da murna, ya tambaye shi tazarar da ake bari tsakanin rami da rami. Ƙonau ya duƙa da ƙyar a gonar mahaifinsa, ya gwada masa da sanda. Mutumin ya sa direbansa ya rage masa hanya zuwa bakin titi.

An ce waken ya yi kyau a shekarar. Ƙonau bai je ya gani ba.