Haladu Mai Jakar Gwaji

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Haɗejiya ya san Haladu: dogo, baƙi, mai furfura a gefen kunne, kullum da jaka ruwan toka a kafaɗa. Ɗan masunci ne, amma tun yana saurayi ya ajiye koma ya kama sitiyari. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana lodin kwalayen banda daga Haɗejiya zuwa Anaca, babu wata tasha a hanyar da ba a san dariyarsa ba.

Yana da shekara arba'in da biyu ciwo ya kwantar da shi. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya ƙi tsayawa, riga ta koma masa kamar ta aro. Aka ce sammu ne, aka ce shawara ce, ya sha saiwoyi har ya gaji. Matarsa Saude ce ta tsaya kai da fata sai da aka kai shi asibiti. A can wata ma'aikaciyar jinya, Malama Mardiyya, ta rufe ƙofa, ta zauna, ta gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne faɗa wa Saude. Ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Ta je aka gwada ta, ita ma tana ɗauke da ita. Kwana huɗu ta ƙaurace masa. A rana ta biyar ta dire masa kofin ruwa da ƙwayar magani.

"Malam, na sha nawa. Tashi ka sha naka. Yaran nan ba su yi mana laifin komai ba."

Suka riƙe magani, jiki ya dawo. Bayan shekara biyu Saude ta haifi autarsu Umaima, aka gwada ta har sau uku, lafiyarta ƙalau. Ranar da aka ba su sakamakon ƙarshe, Haladu ya fita bayan ɗakin awo ya yi kuka mai isarsa.

Wata ranar kasuwa ya hangi Malama Mardiyya da abokan aikinta sun kafa rumfa a bakin tasha, da ƙaton ƙyalle mai rubutu, sun zo yi wa direbobi da fatake gwaji kyauta. Tun hantsi har la'asar ko mutum ɗaya bai zauna ba. Haladu ya ƙarasa ya gaishe ta.

"Malama, ko shekara za ku yi a nan ba mai zuwa. Wa zai zauna ƙarƙashin wannan ƙyalle kasuwa tana kallonsa?"

"To ya za mu yi, Malam Haladu? Su ne suka fi buƙata."

"Ki koya mini. Mutanena ne."

Aka ba shi horo na mako biyu: yadda ake sa safar hannu, a tsaga yatsa, a ɗiga jini a ɗan tsinken gwaji, a jira minti goma sha biyar, da yadda ake yi wa mutum magana idan layi biyu suka fito. Ya ce shi a gaban mota zai riƙa aikinsa, inda direba ke zama, a ɗage gilashi, kowa ya ɗauka hira ake.

Duk da haka mako uku suka wuce ba wanda ya miƙa yatsa. Wata rana ana cin shinkafa da miyar tarwaɗa a rumfar direbobi, wani direba mai baki, Tukur, ya ɗaga murya.

"Kai Haladu, ka ƙyale mu da jakar nan. Wanda aka ce yana da ita ai sai dai ya tanadi likkafani."

Aka fashe da dariya. Haladu bai taɓa faɗa wa kowa yana da ita ba ban da Saude, ita kuwa ta riga ta ce masa duk ranar da ya ga dama ya faɗa. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da robar maganinsa, ya ajiye a kan tabarma.

"Shekara shida ke nan ina sha, ƙwaya ɗaya kullum. Tukur, jiya wa ya taya ka ɗaga tayar motarka?"

Biyu daga cikin masu ci tare da shi suka zare hannu daga tire. Washegari mai abinci ta zuba masa nasa a kwano daban, ta ajiye can gefe. Ya ɗauka ya zauna shi kaɗai.

Sai ga Baba Modu, dattijon Babarbare wanda ya fi kowa daɗewa a fataucin kifi a kasuwar. Ya naɗe hannun riga, ya zauna, ya sa hannu cikin kwanon Haladu. Da suka cinye ya wanke hannu, ya miƙa masa yatsa a gaban kowa.

"Ɗana, fara da ni. Ni ma na yi tafiye-tafiye a zamanina."

Daga ranar abin ya sauya. Mutum zai zo kamar neman goro, ya ce, "Haladu, zo ka ji ƙarar injin nan," su shige gaban mota. Wanda layi ɗaya ya fito masa, Haladu ya gaya masa yadda zai kiyaye kansa, ya ce ya dawo bayan wata uku. Wanda biyu suka fito masa, ba ya barinsa shi kaɗai. Yakan zauna da shi har numfashinsa ya daidaita, ya goya shi a babur zuwa wurin Malama Mardiyya a sake tabbatarwa. Tukur ma ya zo, bayan wata biyar. Abin da gwajinsa ya nuna kuwa, ko Saude ba ta sani ba.

Yanzu Haladu ya bar tuƙi. Ranakun kasuwa yana Kafin Hausa ko Kaugama. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shanye hanyoyin fadama, yakan ƙulle jakarsa cikin leda ya shiga kwalekwale, ya ratsa ciyawar kacala zuwa bukkokin masunta, ya gwada masu so, ya kai wa masu shan magani nasu don kada ya yanke musu. Saude ma ta karɓi horo, ita ke shiga gidajen mata masu zaman kansu da ke bayan tasha, inda shi ba zai samu a saki jiki da shi ba.

Bara ƙungiyar direbobi ta ware masa ɗan ɗaki kusa da masallacin tasha. Shugabansu ya tambaye shi me za a rubuta a ƙofa.

"Kada a rubuta komai," in ji Haladu. "A dai sa labule mai kauri, da benci biyu."